Albashi ba ya kai ni tsakiyar wata, ga bashi ta ko'ina: amsa ga wani ɗan'uwa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne, mata ɗaya yara huɗu, ga mahaifiyata a ƙauye ina ɗan aika mata. Albashina N145,000. Kofaretib ɗin wajen aiki suna cire 30,000 duk wata, ina zubin adashi 20,000, mai shagon layinmu yana bina 62,000, wani abokina 100,000, sannan na ci bashi a manhajar waya guda biyu, ɗaya 40,000 ina biyan ruwa 8,000 duk wata, ɗaya 25,000 ruwanta 5,000. Haya 350,000 ce saura wata huɗu, ga bikin ƙanwata bayan sallah. Kullum sai ka ji ana cewa tattalin arziki zai ƙara rushewa, wallahi bacci ma gagarata yake yi. Me zan yi? Dan Allah a sakaya sunana."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yaye maka, ya kawo mafita ta inda ba ka zato. Na karanta saƙon nan naka sau uku, kuma abin da na lura tambaya biyu ce ka sa wa riga ɗaya. Ta farko ina ƙasar ta dosa, ta biyu ya zan yi da bashin da ke wuyana. Ta farkon ita ke hana ka bacci, amma ta biyun ita ce take cin ka, kuma ita ce kaɗai hannunka zai iya kaiwa gare ta. Na yi shekaru ina aikin ba da lamuni a wani ƙaramin banki, daga baya na riƙe littafin kofaretib na ma'aikata, toh irin takardarka ta sha wucewa ta kan teburina, ba kai kaɗai ba ne, bashi hanji ne yana cikin kowa.

Mu fara da maganar ƙasa tukuna

Ba sakacinka ne kaɗai ya kawo ka nan ba, wannan ya kamata ka sani don ka daina dukan kanka da daddare. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da N200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 ta je ta haura 1,500 a 2024. Hukumar ƙididdiga NBS ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba 2024. An ƙara mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma in ka auna da dala, dubu talatin ɗin 2019 ta kai dala tamanin da wani abu, dubu saba'in ɗin 2024 ko hamsin ba ta cika ba. Kaga kenan lamba ta ƙaru a alat, kwanon shinkafar da lambar ke saya ya ragu.

Akwai wani abu da ke rikita mutane, za ka ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauka sai ka je kasuwa ka ga ba abin da ya canza, ka ce ƙarya suke. Saukar hauhawa ba ita ce saukar farashi ba. Kamar mota ce da ke gudu ɗari da ashirin ta dawo tana sittin, gaba dai take yi ba ribas ta sa ba. Sannan a farkon 2025 an sake tsarin lissafin gaba ɗaya, shi ya sa lambar ta faɗo daga 34 zuwa 24 a wata guda. Eh hatsi ya yi sauƙi a 2025 in aka kwatanta da masifar 2024, wanda ke shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano ya shaida, amma haya da kuɗin makaranta da magani in sun hau ba su cika saukowa ba.

Ita kuma karayar tattalin arziki da kake tsoro, mun shiga a 2016 mun sake shiga a 2020 lokacin korona. Ga ma'aikacin jiha irinka abin da ta fi zuwa da shi shine jinkirin albashi, ka tuna a 2015 da 2016 jihohi da yawa sun yi watanni ba su biya ba har sai da gwamnatin tarayya ta ba su tallafin ceto. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, in albashi ya makara da sati uku waye zai fara buga min ƙofa? Amsar wannan tana cikin saƙonka, kuma ba mai shago ba ne.

Haƙiƙanin albashinka

Ɗauko biro mu yi tare. 145,000 a cire na kofaretib saura 115,000. A cire adashi saura 95,000. A cire ruwan manhajoji biyu, 13,000, saura 82,000. Haya 350,000 in ka raba ta wata goma sha biyu kusan 29,000 ce duk wata, ko ka ware ko ba ka ware ba tana nan tana taruwa a kanka, saura 53,000. Wannan shine albashinka na gaskiya, wajen N1,750 a rana, mutum shida za su ci a ciki, a hau ɗan sahu, a sa kati, a sayi sabulu, a aika wa Hajiya. Ba don in tayar maka da hankali na jero ba, sai don mafi yawan masu bashi 145 ɗin suke gani a kansu suna kashewa a kanta, alhali 53 ce a hannunsu.

Akwai wani malamin makaranta da ya taɓa zuwa ofishina wajen 27 ga wata, ya zauna ya kasa magana sai juya waya yake a hannu. Da ƙyar ya miƙo min, ashe masu manhajar bashi ne suka tura saƙo ga duk lambobin da ke wayarsa har da surukinsa da limamin unguwarsu, wai ɓarawo ne ya gudu da kuɗin kamfani. Na ce Malam nawa ake binka gaba ɗaya, ya ce kamar dubu ɗari biyu. Na yago takarda na ce rubuta min kowa da kowa, har mai kosai in tana binka. Ya rubuta, ya tsaya, ya tuna wani, ya ƙara, ya tuna kuɗin ɗinkin sallar bara, da muka tara sai ga dubu ɗari uku da saba'in. Ya daɗe yana kallon takardar sannan ya ce "wallahi na ji sauƙi". Na yi mamaki a lokacin, daga baya na gane bashin da ba a rubuta ba dodo ne, kullum girma yake a cikin duhu. Kai ka riga ka yi rabin wannan aikin tunda ka jero min, amma ka sake zama ka duba ko akwai ƙanana da ka tsallake, galibi akwai. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Wanne za a fara kashewa

Manhajojin nan biyu, ba tare da wani dogon tunani ba. Su ne ƙanana a jerin amma su ne wuta. 8,000 a kan 40,000 kashi ashirin ne a wata, in ka ci gaba da sabuntawa shekara guda ka biya 96,000 kuma uwar kuɗin tana nan daram ko kobo ba ta ragu ba. Don ka ga girman abin, ko a ƙarshen 2024 da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 ana ta kuka, a shekara ake maganar, kai kuma kana biyan kashi 240. Wannan ban da zancen riba da malamai suka daɗe suna jan kunne a kai, wanda ka sani na sani.

Da me za a kashe su? 65,000 ake nema. Hanyar da na fi so ita ce adashinka, ka je wajen mai riƙe da adashin ka faɗa masa gaskiya ka roƙi a yi maka musanyen kwasa da wanda ke gaba, ana yi sosai, wani ma ya fi son kwasar ƙarshe don ita ce ajiyarsa. In ku goma ne kwasa 200,000 kenan, a ranar da ta shigo ka biya 65 kafin ka isa gida, domin kuɗi in ya kwana a aljihun mai buƙata ba ya wayar gari cikakke. Sauran 135 na haya ne kar ka taɓa. In musanyen bai yiwu ba ka nemi kofaretib su ƙara maka 65 a kan tsohon bashinka su tsawaita wata, ko ka sayar da wani abu da ba ya kawo kuɗi, babbar waya a koma ƙarama misali. Abin da ban yarda da shi ba shine sayar da abin nema, mashin ɗin da ke kai ka aiki ko keken ɗinkin uwargida.

Sharaɗi guda, ranar da ka biya ka karɓi shaidar ka gama ka goge manhajar daga wayarka. Na ga mutane da yawa mun haɗa musu bashinsu wuri guda, bayan wata biyu sun koma, don da zarar ka biya sai su turo maka saƙon taya murna wai yanzu ka cancanci 80,000, kuma saƙon yakan zo ne daidai 20 ga wata lokacin da tukunya ta yi sanyi. In kuwa suka yi maka barazana ko suka fara kiran mutanenka, hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC tana karɓar ƙorafi a kan wannan kuma ta sha ɗaukar mataki a kansu, ka ajiye hoton saƙonnin. Amma kar ka ɗauka guduwa mafita ce kamar yadda wasu samari ke ba da shawara wai ka cire layi shikenan, BVN ɗinka na nan, akwai kamfanonin da aikinsu kenan ajiye tarihin masu cin bashi, kuma tun 2020 bankuna na da tsarin GSI da ke ba su damar zarar kuɗinsu daga duk wani asusunka in ka sa hannu a kai lokacin karɓar lamuni. Sannan haƙƙi ne dai, ka ci.

Mai shago, aboki, mai gida

Waɗannan ukun da ƙafa ake biyansu kafin a biya da kuɗi. Mai shagon layinku yana da ɗan littafin nan na makaranta da ya yi baƙi da manja, shafinka na ciki, kuma shi ma yawanci bashi ya ɗauko kayan a kasuwar Singa ta Kano ko wajen wani dila, in ya je sari farashi ya canza, wato 62,000 ɗinka kullum raguwa take a hannunsa. Abin da ya fi ƙona wa masu shago rai ba bashin ba ne, shine su ga ranar da ka samu kuɗi ka zagaye ta bayan layi ka je wani shagon ka saya da tsaba don kunyar haɗa ido. Ka je da kanka bayan isha'i lokacin da ba mutane, ka ce Alhaji a ja layi a nan, daga yau abin da zan ɗauka da kuɗi zan ɗauka kuma a wajenka, tsohon kuma ga 8,000 ko 10,000 duk wata. Daga 13,000 ɗin da ka ƙwato a hannun manhaja za ta fito. Ban taɓa ganin mai shagon da ya ƙi wannan ba.

Abokinka shi ne zai jira ƙarshe tunda ba ruwa a kan kuɗinsa, amma ka san cewa shi ke asara, dubu ɗarin da ya ba ka ba za ta sayi abin da take saya ranar da ya ba ka ba. Mutumin da ya yi maka wannan bai cancanci ka daina ɗaga wayarsa ba. Ka kira shi ka ba shi wata takamaimai, wanda ka san za ka iya ba wanda zai yi daɗin ji ba. Allah ya ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, amma hadisi kuma ya ce jan ƙafar mai hali zalunci ne, kar a wayi gari ya gan ka da sabuwar shadda kuɗinsa na wajenka.

Haya ita ce babban dutsen. Ko ka samu 135 ɗin adashi saura 215,000, ko ka ware 29,000 ɗin nan duk wata har wata huɗu 116,000 ce, saura 99,000, kuma ba za ta fito daga 53,000 cikin wata huɗu ba, kar mu yaudari juna. Ka je wajen mai gida ko wakilinsa yanzu tun da sauran lokaci, da kuɗi a hannu, ka nemi a raba maka biyu ko uku. Mai gidan da aka zo wa da rabi tun wa'adi bai cika ba daban yake da wanda aka yi wa shiru har ya aiko da takarda. Kuma in an wuce wannan, ka zauna ka duba ko gidan ya fi ƙarfinka, sai dai ka haɗa da kuɗin mota a lissafin, na ga wanda ya koma bayan gari don hayar ta fi sauƙi da dubu ɗari, kuɗin ɗan sahu shi da yara ya cinye fiye da haka.

Inda za a rage, da inda ba za a taɓa ba

In aka ce a rage kashe kuɗi mutane abinci suke fara kai wa hari, ni kuma a nan nake cewa a yi hattara, yaron da aka rage wa abinci asibiti zai kai ka ka biya ninki. Abin da ake gyarawa a abinci yadda ake saye ne, sayen ƙulli-ƙulli kullum ya fi komai tsada, ranar albashi ka auno masara ko gero da wake da manja na wata, in ku biyu ko uku ne a ofis ku haɗa ku sayi buhu ku raba, da kaka in da hali a ɗan ƙara. Wannan shine ma garkuwarka in albashi ya makara. Amma na ci nake nufi ba na ɓoyewa don a sayar ba, waɗanda suka ci bashi suka tara hatsi suna jiran ya tashi kamar 2024 da yawansu sun ƙone da farashi ya karye.

Inda kuɗi ke zurarewa a gidajenmu kuɗin kunya ne. Anko, gudummawar biki da suna, ɗinki kala biyu da sallah, ragon layya da bashi alhali layya a kan mai hali take, data da ake ƙonawa a kallon bidiyo. Kowanne shi kaɗai ba ya da yawa, kuma kowanne akwai "kar a ce" a bayansa. Maganar bikin ƙanwarka, ka samu manyanku tun yanzu kafin a zauna rabon wa zai yi gado wa zai yi kujeru, ka ce ga abin da zan iya, ko dubu ashirin ce, sauran zan yi da jikina, zirga-zirga da tsayawa a kan masu aiki. Za a yi gunaguni, wata gwaggo za ta ce ai kai ne mai albashi, sati biyu ne an manta. Katifar da aka saya da bashin manhaja kuwa amarya na iya haihuwa ba ka gama biya ba.

Sai abin da maza ba su son ji, ka zaunar da uwargida ka nuna mata takardar nan. Yawancinmu ɓoyewa muke wai kar girma ya zube, sai ita kuma ta ci gaba da tambaya daidai da 145 ɗin da take zato, kai kana jin haushi ita tana ganin rowa ce ko wata kake nema. Mata sun fi mu sanin farashin mudu da inda ake samun sauƙi, kuma in ta san gaskiya ita za ta tare maka rabin buƙatun kafin su iso ka. Sai dai in tana da 'yar akuyarta ko adashinta nata ne, in ta ranta maka ka rubuta shi a jerin bashi kamar na kowa. Na Hajiya kuwa ko ya ragu kar ya yanke.

Iyakar abin da lissafi zai yi maka

Gaskiya ko ka bi duk abin da na faɗa, N1,750 za ta koma wajen N1,900 ne a rana bayan ka cire na mai shago, sai ranar da na kofaretib ya ƙare ka samu numfashi na dubu talatin. Tsimi ba ya haifar da kuɗin da babu. Dole sai wani abu ya shigo ta gefe, kuma ni daga nan ba zan zaɓa maka ba don ya danganta da abin da hannunka ya iya da garin da kake, na ga masu koyar da yara darasi da yamma, masu noman ɗan fili a ƙauye ko don abincin gida, masu kiwon kaji goma a bayan ɗaki, masu karɓar mashin haya bayan an tashi aiki. Ka fara da wanda ba ya buƙatar sabon bashi. In sana'ar ta kama har tana son jari, akwai bankunan da ba ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus masu tsarin murabaha, su sayi kayan su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, amma shi ma bashi ne ranar biya na zuwa, ba yanzu ba tukuna.

Wanda zan roƙe ka da girman Allah ka guje wa shine duk mai cewa kawo dubu hamsin ta zama ɗari a wata, mutumin da bashi ya shaƙe shi ne abincinsu. MMM ta rufta da mutane a Disamba 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025, gobe da wani sunan za ta dawo, haka cacar ƙwallo. Hukuncin ruwan da ka riga ka biya da yadda za ka yi da shi ta fuskar addini kuma wannan fagen malamai ne, ka samu wanda ka yarda da shi ka tambaya, ni lissafi na sani.

A satin nan abu uku kawai nake so ka yi, ka sake rubuta jerin a takarda ba a waya ba, ka ga mai adashi, ka ga mai shago. In ka dawo ka faɗa min ku nawa ne a adashin, kai ne na nawa a layi, da kuma wata nawa ya rage na kofaretib, da waɗannan zan iya tsara maka wata-wata har zuwa lokacin haya.